Yadda Ake Kafa Zauren Zane da Wasa Domin Yaran da Hijira Ta Kawo Abuja

Duk mai niyyar buɗe wa yaran sansanin 'yan gudun hijira wurin koyon zane, ko ɗinki, ko wasan kwaikwayo a Abuja, shawarata ta farko gare shi ita ce kada ya buɗe musu su kaɗai. Ya jawo yaran unguwar da ke kewaye da su, a zauna tabarma ɗaya. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, kuma na daɗe ina zama da yara duk Asabar a gefen Durumi. Abin da idona ya gani shi ne, yaro yakan saba da gari ne ranar da ya samu aboki ɗan unguwa wanda zai hango shi a hanya ya kira sunansa. Zane da waƙa da wasa su ne ke samar da dalilin haɗuwar. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, to duk abin da zan faɗa a nan kan wannan magana na ɗora shi.

Kafin ka sayi ko fensir ɗaya, ka san yaran da za ka zauna da su. Yawancin mutanen sansanonin Durumi da Sabon Kuchingoro da Wassa daga Borno suka fito, musamman Gwoza, wadda Boko Haram ta kama a watan Agustan 2014. Akwai kuma mutanen Bama, da na Madagali a Adamawa. Wanda aka goyo a baya a waccan shekara yau ya tasa, ƙannensa kuwa a nan aka haife su, ba su taɓa ganin duwatsun Gwoza ba. Waɗannan sun san Abuja sarai, garin ne bai san su ba. Sai kuma na baya-bayan nan, waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja. Su ba kasafai ake ganinsu a sansani ba, suna rakuɓe ne a kangaye da ɗakunan 'yan'uwa a Gwagwa, Dei-Dei, Lugbe da Mararaba. Ɗan irin wannan gida ko tsallaka babban titi sai an koya masa. Ka kuma riƙe a ranka cewa da yawa daga mutanen Gwoza da kewaye Hausa ba harshen gidansu ba ce. Za ka ji Glavda da Mandara da Margi da Kanuri, kuma za ka tarar da Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya.

Fara da gaisuwa

Kowane sansani yana da shugabanninsa: shugaban sansani, shugabar mata, shugaban matasa, ga liman ga fasto. A ɓangaren unguwa kuma akwai mai unguwa ko dagaci, da shugaban makarantar firamare. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, wayarka a aljihu. Mutanen nan sun gaji da baƙin da kan zo gab da Sallah ko Kirsimeti da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, a yi layi, a ɗauka, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu.

Tambayar da za a fara yi maka ita ce, "Malam, me za a raba?" Ka faɗi gaskiya. Ni abin da na ce wa dattijon da na fara samu shi ne, "Baba, ban zo da kuɗi ba, ban zo da abinci ba. Sana'ata koyar da zane, ina so in riƙa zama da yaranku da na unguwa duk Asabar, in kun yarda." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ka je ka ga Mama, don yaran a hannunsu suke." Gaskiyarsa. In shugabar mata ba ta gamsu ba, 'yan mata ba za su zo ba ko da maza duka sun amince. Kada ka yi alkawarin tallafin karatu ko na jari alhali ba ka da shi a hannu. Alkawari ɗaya da ya tashi a banza ya isa ya rufe maka ƙofa, kuma ya rufe wa wanda zai zo bayanka.

A wannan zagayen gaisuwa ne za ka tambayi abin da iyaye ba sa so. Akwai waɗanda ba su yarda ɗansu ya zana abu mai rai ba. Akwai masu ƙin ganga. Akwai masu cewa 'yarsu ta girma, ba za ta zauna cikin maza ba. Kada ka tsaya musu. Fagen zane yana da faɗi: ga dagi, ga zayyanar allo, ga zanen ƙwarya da na hula da na bangon soro, ga itatuwa da gine-gine. In ganga ce matsala, tafi da baki sun wadatar. Manyan 'yan mata kuwa a ware musu gefe da malama mace. Ni wata 'yar'uwa tela ce ke riƙe da wannan ɓangaren, kuma ba don ita ba da rabin aikin bai yiwu ba.

Rana da wuri da kayan aiki

Safiyar Asabar ta Islamiyya ce da ɗiban ruwa da talla, safiyar Lahadi ta coci. Abin da ya fi yi mini daidai shi ne Asabar bayan la'asar, a tashi kafin magariba domin kowa ya isa gida da haske. Awa ɗaya da rabi ta isa. In ka tsayar da rana, ka riƙe ta. Ko yara uku suka zo, ka shimfiɗa tabarma ka yi aikin kamar sun cika. Yaron da aka tayar da shi daga gida cikin dare, aka yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan, yana matuƙar bukatar abu guda da ya tabbata zai same shi a inda ya bar shi. Da damina wasu iyalai kan tafi gona a Nasarawa, za ka ga yara sun ragu. Kada ka rufe, za su dawo da kaka.

Wurin ya kasance a tsakani, inda ɗan unguwa ba zai ji ya shiga sansani ba, ɗan sansani ma ba zai ji ya shiga gidan mutane ba. Ajin firamare ya fi ko'ina, musamman da yake ruwan Abuja kan ɗauka daga Afrilu har Oktoba, gindin bishiya ba zai fisshe ka ba.

Maganar kayan aiki ita ce ke hana mutane da yawa farawa, suna jiran wata ƙungiya ta kawo fenti daga waje. Babu bukata. Takardar cikin buhun siminti tana ɗaukar gawayi da alli da kyau. Kwalayen da masu shaguna ke zubarwa, in ka yanka su ka shafa musu farar ƙasa, sun zama allon zane. Launi kuma da hannu muke haɗawa. Ka jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, ka tace, ka raba a murafan robobi. Wanda ka zuba wa garin gawayi mai laushi zai ba ka baƙi, jar ƙasa da aka tankaɗe ta ba ka ja, kurkum ya ba ka rawaya, bular wanki ta ba ka shuɗi. Ruwan zoɓo ma yana yi, sai dai yakan koɗe in ya sha rana. Ƙaron shi ne ke kama launin a jikin takarda, kuma da shi ake haɗa fentin ruwa na kanti mai tsada. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya san wannan aiki, don haka ake haɗa tawada, shi ma za ka ba wa jagorancin haɗin da fiƙe alƙaluman kara. Abin shafa launi kuwa, ɗanyen tsinken asuwaki da aka daddaka bakinsa ya yi. Amfanin wannan biyu ne: yaro zai iya ci gaba a gida ba tare da ya roƙi kowa ba, sannan niƙa da tankaɗe da damawa aiki ne da sai an haɗa hannu, a nan hira ke fara shiga tsakanin yaran da ba su san juna ba.

Abin da ba a tambayar yaro

Ina roƙon duk mai shiga wannan aiki, don Allah kada ya ce wa yaro, "Zana mini abin da ya faru a garinku." Na san masu ba da tallafi suna son irin wannan zane, don yana taɓa zuciya. Amma kai da ka tono abin, da magariba gida za ka tafi, uwarsa ce za ta kwana da firgitarsa. Ka ba su kan magana na yau da kullum: kasuwa, abincin da suka fi so, kayan Sallah ko na Kirsimeti, hanyar zuwa famfo.

Duk da haka, wani zai zana bindiga da wuta da jirgi ba tare da an sa shi ba. In haka ta faru, kada ka fizge takardar, kada kuma ka ɗaga ta ka nuna wa aji. Ka durƙusa kusa da shi ka ce, "Kana so ka gaya mini abin da ke nan?" In ya yi magana ka saurara, in ya yi shiru ka ƙyale shi, ka tambaye shi ko a ajiye masa ko zai tafi da ita. Ka bar ƙofar aji a buɗe, wanda yake son zama kusa da ita ka bar shi. In za a buga wani abu mai ƙara, a sanar tukuna. Idan kuma ka lura yaro yana zabura da ƙaramin motsi, ko ya daina magana gaba ɗaya, ko uwarsa ta ce ba ya barci, ko babba ne amma ya koma fitsarin kwance, wannan ya wuce aikin malamin zane. Ka keɓe da iyayen, ka taimaka su kai shi asibitin gwamnati mai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja. In da hali ka raka su zuwan farko, don layin kati da yawon ofis-ofis kaɗai kan sa mutum ya juya.

Aikin da nake farawa da shi kullum shi ne taswirar unguwa. Mukan haɗa kwalaye da yawa su zama shimfiɗa guda a ƙasa, in haɗa yara biyu-biyu, ɗan sansani da ɗan unguwa, kowane biyu su ɗauki yanki. A sa famfo, injin niƙa, mai shayi, kemis, masallaci, coci, filin ƙwallo, da inda ake hawa mota zuwa Area 1. Nan take gardama ke tashi, wannan ya ce kemis na bayan makaranta, wancan ya ce a'a. Ɗan unguwa ya san shagon da ya fi araha, ɗan sansani ya san ƴar hanyar da ke yanke tafiya ta bakin rafi. Sabon zuwa kuwa, kafin a gama, ya san inda zai nufa in an aike shi. Taswirar kan ci makonni, kuma kada ka gyara musu ita ko ta karkace.

Ka mai da baƙo malami

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Yaron da ya shekara da shekaru yana tsayawa a layin rabo ya saba a kullum shi ne mai miƙa hannu. Ranar da ka sa shi a gaba yana koya wa wani abin da ya iya, za ka ga har zamansa ya canza.

Akwai wata yarinya 'yar Bama da ta yi ta zuwa ba ta cewa uffan, ko gawayi ba ta taɓawa. Wata Asabar ta zo da hular da take taya mahaifiyarta ɗinkawa, ta koma lungu da allurarta. 'Yar'uwar nan tela ta lura, ta ce, "Ƙanwata, kawo in gani." Kafin a ce me, 'yan matan unguwa sun kewaye ta, ana ta "Yaya, nuna mini yadda kike juya zaren." Ɗinkin hular Bama aiki ne mai ɗaukar makonni, kuma da zane yake farawa, sai an fitar da fasalin a jikin ƙyalle kafin allura ta bi. Muka nemi izinin uwarta, ta zama ita ke koyar da fitar da fasalin hula, maza ma suka shiga da fensir. Yau in ta ratsa unguwa, daga soraye ake gaishe ta.

Saboda haka tun makon farko ka riƙa bincike: wa ya iya motar kara ko ta gwangwani, wa ta iya kitso ko zanen lalle, wa ke saƙa faifai, wa ya haddace waƙar niƙa ta kakarsa. Ka gayyato tsofaffin sansani su ma, don su ne rumbun waɗannan abubuwa, kuma zaman banza na cin su fiye da yadda ake zato. Mukan buɗe kowane zama da yaro ɗaya ya koya wa sauran gaisuwa da harshen gidansu, a maimaita har ta zauna. Wannan ya ɗauke mana rigimar da wace addu'a za a buɗe.

'Yan gari su ma a ba su nasu fili. Ka fito da takardar naira 20 ka juya bayanta, ka nuna wa yara matar da ke ginin tukunya. Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da a lokacin ake kira Abuja, wato Suleja ta yau, har sunanta ya zaga duniya. Ka nemi wata dattijuwa cikin Gbagyi, wato Gwarawa, ta zo da yumɓu ta nuna musu yadda ake gini da hannu, tana zagaya tukunyar. In aljihu ya yarda, a ɗauki mota a kai su Ushafa ta ƙaramar hukumar Bwari su ga maginan tukwane a bakin aiki, garin da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Akwai kuma wani abu da nake so yaran ɓangarorin biyu su sani: tun da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, an tayar da ƙauyukan Gbagyi da dama daga gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Dattijuwar da ta taɓa zuwa mana ta faɗa wa yaran haka da bakinta, ta ce, "'Ya'yana, mu ma mun san ɗaure kaya." Ban taɓa ganin ajin ya yi tsit irin na ranar ba.

Wasan kwaikwayo yana da nasa amfani, musamman ga masu shekara 12 zuwa sama. Ku fara da tatsuniyar Gizo don a sake jiki, sannan ku shiga abubuwan da ke damunsu a zahiri: yadda ake yi wa ma'aikaciyar asibiti bayani, yadda uwa za ta nemi a ɗauki ɗanta a makaranta, da abin da yaro zai yi in an kira shi ɗan Boko Haram a filin ƙwallo, don ana kiran su haka. In wasa ya kai wurin da ya yi zafi, ka tsayar, ka tambayi masu kallo me ya kamata a yi, wanda ya kawo shawara ya shigo ya gwada. Ka riƙa musanya matsayi, ɗan unguwa ya fito a baƙo, ɗan sansani ya fito a shugaban makaranta ko likita. Harin da aka kai garinsu kuwa ba abin kwaikwayo ba ne, kada a taɓa shi.

Baje koli, hoto da kuɗi

Bayan wata uku ko huɗu ku baje ayyukan. Ranar Yara ta 27 ga Mayu ko Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya ta 20 ga Yuni duk sun dace, amma a yi shi cikin unguwa, iyaye su ne manyan baƙi, a ba su kujerun gaba. A ƙarƙashin kowane aiki a rubuta sunan yaro na farko kawai. Kada a rubuta wane ɗan sansani ne, wane ɗan gari ne. Mai kallo ya yaba aikin don kyansa.

Hoto sai da izinin iyaye, kuma ko sun yarda, ni hannaye da ayyuka nake ɗauka, ba na sa fuskar yaro a Facebook. Wasu iyalan sun gudo ne daga mutanen da suka san su ido da ido. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Babban Birnin Tarayya, ya kamata duk mai taimaka maka ya san da ita. Ka kafa ƙa'ida tun farko cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, kullum manya biyu, kuma babu wanda zai kai yaro gidansa da sunan ƙarin darasi, ko kai kanka.

In an sayi hula ko zane, kuɗin na mai aikin ne, a danƙa shi a gaban uwa ko uba, a rubuta a littafi. Kada ka biya yara don su zo, in ka fara ranar da babu ba za ka ga kowa ba. Ruwan sha da ɗan ƙosai a ƙarshen zama ya isa, kuma a raba wa kowa daidai, har da ɗan mai shago.

Ka kuma yi aikin da sanin cewa zaman sansanonin nan ba shi da tabbas. Filayen ba na mazauna ba ne, kuma iyalai na tashi, wasu su koma Borno, wasu su gangara Nasarawa. Don haka kowane yaro ya samu jakar kwali mai sunansa da zai tafi da ayyukansa duk ranar da tafiya ta kama, ka kuma riƙe lambar wayar wani babba na gidansu. Cikin manyan yaran ka zaɓi biyu ko uku daga ɓangarorin biyu, ka riƙa bar musu jagorancin zama kana gefe, domin ranar da ba ka nan a ci gaba.

Waɗanda suka kai shekara 15 kuma hannunsu ya nuna, ka nema musu ubangida: mai rubuta allon talla, mai buga zane a riga, tela, ko magini. A kasuwannin Garki da Wuse da cikin unguwanni akwai su da yawa, kuma wasu kan karɓa in wanda suka sani ya tsaya wa yaro. Ka je tare da mahaifi ko mahaifiya, a yi magana a gaban shaida kan lokacin zuwa da tashi, da abincin rana, da kuɗin mota, da sharaɗin cewa koyon ba zai hana shi makaranta ba. Bayan wata guda ka leƙa shagon ba tare da ka sanar ba, ka ga ko sana'ar ake koya masa ko aike da shara kawai yake yi. In na biyun ne, ka sanar da iyayensa, ku nema masa wani wurin.